Amsa kan Modena City Ramblers da albam ɗinsu na 1994

Ɗan'uwa naga tambayarka, kace a Money Heist ka fara jin Bella ciao, da kaje nemanta sai ka faɗa kan wadda wasu Modena City Ramblers suka rera, kiɗan ya maka kama da na mutanen ƙasar Ayalan (Ireland) ba na Italiya ba, kuma kaji ana ta yabon albam ɗinsu na farko, shine kake son sanin ko ya kai yadda ake zuzuta shi ɗin ko kuwa kawai son kai ne irin na 'yan ƙasa. Toh ka tambayi abinda nake so wlh, don na zauna a yankin nasu shekaru, tsakanin Modena da Sassuolo inda masana'antun tayil suke, kuma bin tarihin waƙa da tara faya-fayai abu ne da na daɗe ina yi, wannan albam ɗin kam na saurare shi har ban san adadi ba.

Kunnenka bai yaudare ka ba, kiɗan Ayalan ne, kuma su kansu basu taɓa ɓoyewa ba. Sunan albam ɗin Riportando tutto a casa, ma'ana mayar da komai gida, sun ɗauko sunan ne daga wani albam na mawaƙin Amurka Bob Dylan na 1965 suka juya shi zuwa Italiyanci, kuma in ka riƙe sunan nan ka riƙe rabin amsar, samari ne da suka tafi yawon kunne ƙasar wasu suka koyo kiɗa, sai suka dawo da shi suka zuba masa labarin garinsu da karin harshen kakanninsu da fushin zamaninsu. Ni a wurina nan darajar albam ɗin take, ba wai sun ƙirƙiro wani sabon sauti bane da duniya bata taɓa ji ba.

A 1991 suka haɗu a Modena, garin su shahararren mawaƙin nan Pavarotti, nan kusa da Maranello inda ake ƙera Ferrari. Da farko ba wani buri, abokai ne masu son Ayalan suna kaɗa tsofaffin waƙoƙin can a mashaya da wuraren taron abokai, sunan ma kwaikwayo ne na wata ƙungiya ta can mai suna Dublin City Ramblers. Amma wanda ya fi tasiri a kansu su ne The Pogues, ƙungiyar da ta taso a Landan a 1982 ƙarƙashin Shane MacGowan wanda ya rasu a ƙarshen 2023. Bari na ɗan tsaya nan don ka gane me ake nufi da haɗa gargajiya da pank. Shi pank salo ne da ya ɓarke a tsakiyar shekarun 1970 a Landan da New York, kiɗa mai sauri, mai kaushi, babu ƙawa babu nuna gwaninta, yaran talakawa ne suke ihun abinda ke damunsu, ko baka iya jita sosai ba kai dai hau dandamali ka faɗi naka. The Pogues sai suka ɗauki wannan zafin suka ɗora shi kan kayan kiɗan kakanninsu, shikenan aka samu abinda tsoho zai gane karinsa yaro kuma zai yi tsalle a kansa. 'Yan Modena ɗin nan sun bi sawu, har suka raɗa wa nasu salon suna combat folk, wato gargajiyar fama, suna tsokano sunan albam ɗin ƙungiyar pank ta Ingila The Clash na 1982 Combat Rock, kuma da sunan nan suka fitar da kaset ɗinsu na gwaji a 1993.

In ka kasa kunne da kyau zaka ji abinda ke jan ragamar waƙoƙin ba jitar lantarki bace, 'yar sarewar ƙarfe ce siririya mai kaifin murya wadda Franco D'Aniello ke busawa, sai akodiyan a hannun Alberto Cottica, sai gogen Turawa, da buzuki mai dogon wuya, da wata ganga mai fuska ɗaya da ake kira bodran wadda in ka ganta zaka ce bandiri ne, sai jitar Giovanni Rubbiani da bes ɗin Massimo Ghiacci suna riƙe ƙasa. Mawaƙa biyu ne kuma muryoyinsu sun sha bamban, Alberto Morselli muryarsa mai kauri ce mai nauyi kamar daga cikin rijiya take fitowa, shi kuma Stefano Bellotti da kowa ke kira Cisco tasa a buɗe take tana da zafi irin ta mai jan zanga-zanga. Wannan ne kaɗai cikakken albam da suka yi su biyu tare don Morselli ya bar ƙungiyar bayansa, kuma gaskiya ni har yau ina jin rashin wannan haɗin a duk abinda suka fitar daga baya, ko da kuwa na bayan sun fi shi gogewa.

Toh amma ruwa baya tsami banza, bazaka gane dalilin da yasa albam ɗin ya kama mutane haka ba sai ka san halin da Italiya take ciki lokacin. A 1991 jam'iyyar kwaminis ta Italiya, wadda ita ce mafi girma irinta a yammacin Turai, ta rushe kanta ta canja suna bayan faɗuwar katangar Berlin. A Fabrairun 1992 masu gabatar da ƙara a Milan suka kama wani ɗan siyasa Mario Chiesa da cin hanci, daga nan zare ya fara warwarewa, binciken da ake kira Mani pulite wato hannu mai tsabta ya dinga kwaso manya ɗaya bayan ɗaya har jam'iyyar Christian Democrat da ta riƙe ƙasar tun bayan yaƙin duniya na biyu ta watse a farkon 1994. A cikin shekarar 1992 ɗin dai 'yan mafiya suka kashe alƙalai biyu da bam a Sisili, Giovanni Falcone ranar 23 ga Mayu, Paolo Borsellino ranar 19 ga Yuli. Sai kuma a Maris 1994 Silvio Berlusconi, attajirin gidajen talabijin da ya kafa jam'iyya cikin 'yan watanni, ya ci zaɓe ya shigo da magadan jam'iyyar 'yan fasist cikin gwamnati. Ka duba fa, cikin shekara uku duk abinda matashi ya taso ya sani a siyasar ƙasarsa ya zube, gidan da ubansa ya yi wa hidima babu shi, waɗanda kakansa ya yaƙa kuma jikokinsu na siyasa sun zama ministoci. A wannan shekarar albam ɗin ya fito.

Kuma yankin Emiliya, inda Modena take, ba kamar ko'ina bane a wannan maganar. Yanki ne da ake masa laƙabi da ja saboda daɗewar 'yan hagu a mulkin garuruwansa, yanki ne na ƙungiyoyin gama kai da 'yan ƙwadago, kuma lokacin yaƙi daga 1943 zuwa 1945 nan ne ɗaya daga cikin cibiyoyin 'yan sari-ka-noƙe da suka yaƙi sojan Jamus da 'yan fasist. A Reggio Emilia maƙwabciyar Modena aka harbe 'yan'uwa bakwai 'yan gida ɗaya, 'ya'yan gidan Cervi, ranar 28 ga Disamba 1943. A Fossoli kusa da Carpi, garin su Cisco, akwai sansanin da ake tara Yahudawa da fursunonin siyasa kafin a loda su a jirgin ƙasa zuwa sansanonin Nazi. In kana tafiya a ƙauyukan wurin zaka dinga cin karo da ƙananan duwatsun tunawa a bakin hanya da sunayen samari da shekarunsu, sha tara, ashirin da ɗaya, wani lokacin da sabon fure a gindi, ni abin nan ya daɗe yana tsaya min a rai. Kaga yaran da suka tashi a irin wannan wurin tarihin ba a littafi kawai suka karanta ba, a bakin kaka suka ji.

Matsalar ita ce waƙoƙin wancan tarihin zuwa 1990 sun zama na tsofaffi, ana rera su ranar 25 ga Afrilu ranar tunawa da 'yantar da ƙasa, shugaban ƙaramar hukuma ya yi jawabi a ajiye fure kowa ya watse, matasa kuwa suna can suna jin kiɗan Amurka da Ingila. Abinda Ramblers suka gano shine mutanen Ayalan basu bar nasu waƙoƙin tawaye da hijira sun tsufa ba, har gobe ana rera su da ƙarfi ana buga ƙafa, toh me zai hana ayi wa na gida haka.

Albam ɗin ya buɗe da In un giorno di pioggia, wato a wata rana mai ruwan sama, waƙar bege ce ga Ayalan kanta, har da ɗan baiti cikin harshen Ayalan na asali a farkonta, Morselli ne ya rera ta a hankali, kuma har yau tana cikin waƙoƙinsu da aka fi so. Na ɗauke ta kamar gaisuwar ban girma ce ga malamin da ya koya maka sana'a kafin ka buɗe naka shagon. Daga nan sai su juyo gida, kuma juyowar da ƙarfi ce. Quarant'anni, shekara arba'in, sun mayar da jamhuriyar Italiya kamar mutum mai magana da bakinsa yana lissafa abinda idonsa ya gani, bama-bamai a dandali, kisan da ba'a gano mai shi ba, cin hanci, rufa-rufa. Ɗan Italiya in yaji basai an masa fashin baƙi ba, zuciyarsa zata tafi Piazza Fontana a Milan ranar 12 ga Disamba 1969, da tashar jirgin ƙasa ta Bologna ranar 2 ga Agusta 1980 inda mutum 85 suka mutu, kuma Bologna ɗin nan tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa daga Modena, da jirgin saman da ya faɗi kusa da Ustica a wannan shekarar da mutum 81. Duk wannan nauyin an ɗora shi kan kiɗa mai gudu wanda jikinka zai motsa ko baka so, kuma da gangan ne, saboda in ka rera baƙin ciki da sanyi mutane kuka zasu yi su koma gida, in ka rera shi da gudu kuwa sai su haɗa kafaɗa.

Wadda ta fi taɓa ni a ɓangaren siyasa ita ce I funerali di Berlinguer, jana'izar Berlinguer. Enrico Berlinguer shine shugaban jam'iyyar kwaminis da ya kai ta kashi 34.4 cikin ɗari a zaɓen 1976, mutum ne da har abokan hamayyarsa ke shaidarsa da gaskiya da rashin son abin duniya, yana tsakiyar jawabin kamfen a Padua ciwo ya buge shi, ya daure ya ƙarasa jawabin, ya rasu ranar 11 ga Yuni 1984, ranar 13 aka yi jana'izarsa a Rum mutum sama da miliyan suka fito. Waƙar bata tsaya yabon mamaci ba, taron take kallo, ma'aikata da manoma da jajayen tutoci da mutanen da suka zo daga nesa, kuma ka tuna an rera ta shekara goma bayan rasuwarsa lokacin da jam'iyyar tasa ma babu ita, don haka makokin na mutum ɗaya ne a baki amma a zuciya na zamani guda ne.

Sai Ahmed l'ambulante, Ahmed ɗan talla, wannan kam ina roƙonka ka nemi fassararta ka zauna da ita. Baitocin na marubuci Stefano Benni ne ɗan Bologna, su suka sa musu kiɗa, kuma kiɗan ma ya ɗan kauce daga Ayalan ya karkata gabas. Labarin baƙo ne ɗan ci-rani mai shimfiɗa 'yan kayansa a bakin titi cikin sanyi yana sayarwa, dare bayan dare, har daren da wasu suka zo suka masa dukan da ya zama ajalinsa, kuma da bakinsa yake bada labarin. A shekarun nan ne Italiya, ƙasar da ta saba tura 'ya'yanta ci-rani Amurka da Ajantina da Jamus, ta fara karɓar baƙi da yawa daga Maroko da Senegal da Ghana da sauransu, har akwai wani sunan raini da ake kiran 'yan tallan da shi ana kwaikwayon yadda suke cewa zaka saya. A Agustan 1989 aka kashe Jerry Masslo, ɗan gudun hijira daga Afirka ta Kudu mai aikin tsinkar tumatir a Villa Literno, kisan ya girgiza ƙasar har ya taimaka aka yi dokar baƙi ta 1990. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙasar wasu da jaka a kafaɗa yana kallon ƙafafun masu wucewa ya san abinda waƙar nan take faɗa, kuma ace samarin Turawa a 1994 sun sa sunan Ahmed a albam ɗinsu na farko sun bashi bakin magana, ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Yanzu Bella ciao ɗinka. Ba su suka yi ta ba, kuma babu wanda zai nuna maka mutum ɗaya yace ga mai ita, waƙar jama'a ce da aka jingina ga 'yan sari-ka-noƙe. Masana tarihi ma sun nuna cewa lokacin yaƙin ba ita aka fi rerawa ba, wata waƙar mai suna Fischia il vento ta fi ta yaɗuwa a rundunonin 'yan hagu, ita Bella ciao bayan yaƙi ta mamaye ko'ina saboda bata ambaci wata jam'iyya ba kowa zai iya rera ta, musamman bayan wani wasa da aka yi da sunanta a bikin Spoleto na 1964. Abinda Ramblers suka mata shine sun cire mata rigar biki sun sa mata takalmin gudu, sarewa da goge suna korar juna, kuma wannan sigar tasu ce ta zama wadda matasan shekarun 1990 suka sani, shekara ashirin da wani abu kafin Money Heist ya kai ta kunnen duniya. Haka suka yi wa Contessa ta Paolo Pietrangeli, waƙar 1966 da ta zama taken ɗalibai da ma'aikata a boren 1968.

Sauran zan wuce su da sauri, akwai Morte di un poeta da suka yi wa Helno mawaƙin Les Négresses Vertes na Faransa wanda ya mutu a 1993, akwai Canto di Natale kan talakawan lungu a lokacin Kirsimeti, sai Ninnananna waƙar reno da ta rufe albam ɗin a hankali.

Amma maganar karin harshe dole na tsaya a kanta. Abinda ake kira karin Modena ba kamar bambancin Kananci da Sakkwatanci bane da kowa zai gane kowa, ya yi nisa da daidaitaccen Italiyanci sosai har mutumin Rum ko Napoli zai iya ji ya kasa kamawa, kuma an daɗe ana masa kallon harshen ƙauye, iyaye da yawa basa yi wa 'ya'yansu don kar ace basu waye ba. Su kuwa suka rera Delinqueint ed Modna da shi, wato tsagerun Modena, suna gabatar da kansu, sannan suka ɗauki The Great Song of Indifference ta Bob Geldof, mawaƙin Ayalan da ya shirya Live Aid, wasan tara agajin yunwa na 1985, suka sake mata baitoci da karin garinsu. Ba su suka fara ba, adalci ne a faɗa, Fabrizio De André ya yi albam guda da harshen Genoa tun 1984, kuma a lokacinsu akwai Mau Mau a Turin da 99 Posse da Almamegretta a Napoli da Sud Sound System a can kudu duk suna waƙa da harshen unguwa, sannan Gang na 'yan'uwan Severini sun riga su haɗa zafin pank da gargajiyar Italiya a albam ɗinsu na 1991. Igiyar ruwa ce guda ta taso, Ramblers su ne suka kawo ta Emiliya suka kuma kai ta ga taro mafi yawa a ɓangaren gargajiya.

Shin yana da rauni? Yana da shi. Ance zanen aro baya rufe katara, kuma akwai wuraren da in ka san The Pogues sosai zaka ji kamar ka taɓa jin karin nan, aron ya fito fili. Ɗaukar sautin ma ba ta masu kuɗi bace, ƙaramin kamfani ne Helter Skelter ya fara fitar da shi kafin Blackout na Mercury su sake fitarwa a cikin shekarar, kuma wanda baya ra'ayin hagu zai ga siyasar ta masa yawa, don basa sassautawa. Ni dai kaushin sautin baya damuna ko kaɗan, yana sa naji kamar ina cikin ɗakin da suke, aron kuwa su ma sun san da shi shi yasa basu zauna a kansa ba, La grande famiglia na 1996 ya ƙara nutsewa cikin gida, Terra e libertà na 1997 ya juya Latin Amurka, a 2004 suka yi waƙar I cento passi kan Peppino Impastato da 'yan mafiya suka kashe a Sisili ranar 9 ga Mayu 1978, a 2005 suka yi Appunti partigiani albam guda na waƙoƙin gwagwarmaya, a ƙarshen shekarar Cisco ya tafi, mutane sun shiga sun fita amma ƙungiyar ta cigaba. A 1995 ma lokacin cika shekara 50 da 'yantar da ƙasa suna cikin waɗanda suka shiga albam ɗin haɗaka na Materiale resistente, inda ƙungiyoyin matasa suka sake rera waƙoƙin 'yan sari-ka-noƙe, kuma sun sha hawa dandamalin bikin ma'aikata na 1 ga Mayu a dandalin San Giovanni na Rum, dandalin da aka yi jana'izar Berlinguer.

In zaka nema ka nemi fitowa ta biyu mai waƙa 13, ita ce ke ɗauke da Il bicchiere dell'addio wadda Bob Geldof da kansa ya sa murya a ciki, ta farkon babu ita. Ka saurare shi a jere daga farko kar ka tsallake zuwa Bella ciao, tana can wajen ƙarshe kuma sai ka bi ta kan Berlinguer da Ahmed kafin ka iso ta zaka ji ta yadda suka nufa. Na Italiyancin manhajar fassara zata taimake ka, na karin Modena kuwa zata rikice maka, in ka maƙale a wani baiti ka turo min zan warware maka iya abinda kunnena ya riƙe.